Tsarin Mulkin Kakata

Har gobe idan zan ce "tsarin mulki" ba na jan "tsa" ɗin nan. A gajarce nake faɗarsa, yadda ake cewa maganin tsari ko addu'ar tsari. Na koyar a firamare har furfura ta cika mini kai, kuma da wuya shekara ta wuce wani ƙaramin malami mai rawar kai bai matso kusa da ni ya ce, "Hajiya, ai ja ake yi, tsaari" ba. Na sani. Tun ba a haife shi ba na sani. Ina sane nake yi.

Rugarmu tana gefen wani ƙauye tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, lokacin duk muna cikin jihar Kano. Muna ɗan taɓa noma, amma shanu su ne rayuwarmu. A gida Fulatanci muke yi, da mun fito bakin hanya mu juya harshe zuwa Hausa. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta aka gina mana azuzuwa a bayan gari, aka bi ruga-ruga ana neman yara. Baffa, wato mahaifina, ya hana 'yan'uwana maza saboda kiwo, ya miƙa ni don a shafa masa lafiya. Na girme wa 'yan aji ɗaya nesa ba kusa ba, benci ma ya yi mini kaɗan. Abin da Baffa bai zata ba shi ne zan so abin. Na kuwa so shi kamar me. Da rani, idan garke ya yi kudu, ni akan bar ni a ruga tare da Kaka da 'yan shanunta na tatsa, don kada karatuna ya yanke.

A shekarar 1979 ina aji huɗu, mu ne manyan makarantar, don babu aji sama da namu. A farkon shekarar aka kawo mana sabon hedimasta, mutumin Gumel, dogo, mai son shuka fiye da kima. Ko gwangwanin madara ya tsinta sai ya zuba ƙasa ya dasa wani abu. Da rani ya zo, lokacin da gonaki suke fili fetal, shanu na bi ta inda suka ga dama. Ya ga wata baƙar ƙasa mai kyau a bayan azuzuwa, ya ce nan za a yi lambun makaranta. Bai san burtali ba ne, hanyar da shanunmu suke bi zuwa tafki da damina tun kafin a haifi Baffa. Aka sa yara suka jawo ƙaya aka kewaye wurin, aka shuka rama da yakuwa da kuɓewa. 'Yar hanyar da aka bari ko jaki mai kaya sai ya karkace zai wuce.

Da damina ta kankama, gonaki suka rufe, sai ga matsala. Dole yayyena su zagaya da garke ta gefen gonakin mutane, kullum da faɗan da za a yi. Kaka kuma tana da wata tsohuwar farar saniya, ita ce jagorar garke, duk rayuwarta ta wannan burtali take bi. Wata rana ta zo ta tarar da ƙaya, ta sa kai ta ture, sauran suka bi ta. Kafin a kore su sun yi wa rama aski.

Aka kira Baffa gaban bulama, mai garinmu. Ba a ci shi tara ba, amma an sa shi ya durƙusa ya ba da haƙuri a gaban jama'a, kuma ga mutum irin Baffa da an karɓe masa sa guda da ya fi masa sauƙi. Ya dawo ya yi alwala. Sannan ya kira ni.

"Da an kwashe amfanin gona shanu za su yi kudu," in ji shi. "Bana da ke za a tafi, ki taya innarki aiki. Makarantar da ta tare wa shanuna hanyar ruwa ba za ta ci gaba da riƙe mini 'ya ba."

Baffa ba ya maimaita magana. Na shiga bayan bukka na yi kukana, na share ido, ban gaya wa kowa a makaranta ba. Mu ba a koya mana kai kukan gida waje ba.

Ana cikin haka, wata safiya na makara, don Inna ta aike ni da nono cikin gari. Na shigo ana lissafi. A saman allo na ga an rubuta wasu kalmomi biyu da manyan baƙaƙe, an ja musu layi, an ce kada a goge: TSARIN MULKI. Bayanin ya wuce ni. Na karanta a zuciyata, kuma rubutun boko ba ya gaya maka inda za ka ja da inda za ka gajarta. A gidanmu tsari ɗaya muka sani, wanda malam yake rubutawa a ɗinke a fata a rataya wa jariri ko maraƙi. Shi na karanta, shi kuma na kai gida.

Kaka a ƙasar Damagaram ta tashi, aure ne ya tsallako da ita. Har ta rasu makaranta lakwal take ce mata, malami kuma mushe. Ta ga mulkin Faransa, ta ga na Ingilishi, ta ga na 'yan siyasar farko, ta ga na soja, kuma a wajenta duk abu ɗaya ne: mulki wani abu ne da yake zuwa ya ƙirga maka shanu. Takan ba mu labarin yadda suke kora garke su tsallaka iyaka idan masu jangali sun doso, da sun ji na can ma sun taso sai su sake korowa. A damanar nan matan gari sun fita sun jefa ƙuri'a, wasu har da sabon lalle, amma Kaka ta ƙi. Ta ce wanda ya ƙirga mutane yau, gobe shanunsu zai ƙirga.

Tana burga nono na ce mata, "Kaka, yau an rubuta mana tsarin mulki a allo."

Ta tsayar da maburgi. "Tsarin me?"

"Mulki."

"Ashe an samo masa tsari?" Ta ajiye ƙwaryar a hankali. "Alhamdu lillahi. Ni dai na ce ba za a rasa ba. Maciji yana da tsari, ƙarfe yana da tsari, a ce mulki kaɗai ne ba shi da shi?"

Ta shiga bukka ta yi ta bincike, ta fito da guntun jar fatar akuya da ta daɗe tana ɓoyo. Ta ce in gaya wa mushe ya sam mata ko kaɗan ne, ita da kanta za ta ɗinke.

Washegari hedimasta ya shigo ajinmu, na ɗaga hannu da ƙarfin gwiwata. "Malam, kakata ta ce a sam mata tsarin mulkin nan. Ta ce sha ake yi ko ratayawa?"

Aji ya fashe da dariya. Har da masu dukan benci. Monitanmu wani yaro ne ɗan direban babbar mota, ubansa yana jigilar hatsi daga kasuwar Maigatari zuwa Damagaram, shi kuma bakinsa ya fi reza. Ya miƙe yana share hawaye ya ce, "Malam, ko dai tsarin nan take nufi, ɗan'uwan guza, mai shiga rami? A ba ni dama in kamo mata shi ta wutsiya."

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, har yanzu ban warke ba. Na cire takalmina na roba na auna goshinsa, ban kuma kuskure ba. Hedimasta ya sa mu duka biyu muka durƙusa a gaban allo, ni don takalmi, shi don baki. A durƙushe na ji bayanin da ya wuce ni.

"Ja ake yi," in ji hedimasta. "Tsaari, daga tsarawa. Wakilai ne suka taru daga kowane lungu na ƙasar nan suka zauna suka tsara yadda za a yi mulki: wa zai hau, ta yaya zai hau, yaushe zai sauka, da abin da ba shi da ikon yi wa talaka ko yana so. Ranar ɗaya ga Oktoba soja za su koma bariki, wannan tsari ya fara aiki."

Ya ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. A ranar, bayan an ɗaga tuta an yi maci, makarantarmu za ta kafa majalisarta. Kowane ɗalibi, daga ɗan aji ɗaya har mu, ƙuri'arsa ɗaya. Duk mai wata magana da ta shafi makaranta ya kawo, a saurare shi, a jefa ƙuri'a. Malamai ba su da ƙuri'a. Abin da masu rinjaye suka zaɓa, in dai bai saɓa wa addini ko dokar gwamnati ba, shi kansa zai bi.

Na koma gida da kunya da haushi, na mayar wa Kaka fatarta. "Kin sa an yi mini dariya. Ba irin wannan tsarin ba ne. Ja ake yi."

"To ja mana in ji."

Na ja mata. Na kuma maimaita duk abin da hedimasta ya faɗa, har da abin da mai mulki ba shi da ikon yi wa talaka.

"Tsaya," in ji Kaka. "Abin nan yana hana mai ƙarfi ya taka marar ƙarfi?"

"Haka Malam ya ce."

"To ai abin da na faɗa ke nan. 'Yar lakwal, kin tafi da maganata kin dawo mini da ita, wuya kawai kika ja mata." Ta cusa fatar a bakin zaninta. "Magani gwada shi ake yi. Ga burtali can an toshe, je ki gwada mu gani."

Wasa take yi ko da gaske, ban sani ba, amma maganar ta zauna mini. Na yi kwanaki ina juya ta, sannan na sami hedimasta a lambun nasa yana cire ciyawa a gindin kuɓewa. Na gaishe shi, na ce ina da maganar da zan kawo majalisa: a ɗauke shingen nan a buɗe burtali.

Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Kin san ni na sa aka yi shingen?"

"Na sani, Malam."

"Kin san ku 'yan ruga duka-duka benci ɗaya ya ishe ku?"

"Na sani."

Ya daɗe yana kallon ramarsa, wadda ta sake tofowa har ta fi ni tsawo. Na ga abin ya yi masa ciwo. Sannan ya ce, "Ki kawo. Ba zan taimake ki ba, ba kuma zan hana ki ba. In kin faɗi kin faɗi, ba na son kuka, ba na son takalmi."

Labari ya bazu. 'Yan gari suka sa mini suna mai tsari, idan na wuce wani ya kwanta a ƙasa yana jan ciki irin na tsarin rami. Na cije. Har yau ina mamakin yadda na yi makonnin nan ban doki kowa ba.

Ranar ta zo. Tun da safe gari ya taru a filin makaranta. Mun wanke rigunanmu da bula, an share fili har ya yi ƙyalli, an kawo wa bulama kujera, mata suka zazzauna a baya a inuwar aji. Aka ɗaga tuta, muka yi taken ƙasa, muka yi maci muna buga ƙafa har 'yan aji ɗaya suka rikice suka bi ta cikin mutane. A kan tebur akwai rediyo da aka sa wa sabon batir, muna jin hayaniyar Ikko tana zuwa tana ɗaukewa. Kusa da ita ga littafin tsarin mulkin kansa, mai kauri, da Turanci, hedimasta ya aro shi a Gumel ya ɗauro a bayan keke. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya karanta kaɗan ya fassara. Ya ce daga yau babu wanda ya fi ƙarfin abin da ke cikin nan, ko wane ne ubansa. Ban taɓa jin ƙasar nan tawa ce ba sai a wannan safiya.

Kaka ta zo, tana cikin mata da jar fatarta a hannu. Baffa bai shigo fili ba. Can nesa na hango shi a gindin wata aduwa, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi.

Aka buɗe majalisa. An fara da ƙananan maganganu, wa zai riƙa kaɗa ƙararrawa, da yadda za a raba ɗiban ruwa tsakanin azuzuwa, duk da ɗaga hannu aka gama su. Da aka zo kan burtali hedimasta ya ce wannan babba ce, a ɓoye za a jefa, yadda manya suka yi. An kafa zana a gefe, a bayanta tuluna biyu. Ɗaya an ɗaura masa ganyen rama a wuya, na masu son lambu ya zauna. Ɗaya an ɗaura masa igiyar tatsa, na masu son a buɗe hanya. An zuba yashi a gindin kowanne don kada a ji ƙarar inda mutum ya jefa. Ƙuri'ar kuwa ƙwallon aduwa ne, irin wanda awaki suke tofarwa, 'yan aji ɗaya suka tsinto cike da kwano.

Monita ne ya fara magana, kuma gaskiya ya iya. Ya nuna tabon ƙaya a hannunsa. Ya ce su suka share wurin, su suka jawo shinge, su suka yi noma a cikin rana, kuma kowa a nan ya kai kuɓewar lambun nan gida an yi miya. "Saniya ƙafarta huɗu," in ji shi, "ta zagaya. Rama ba ta da ko ɗaya." Aka yi masa tafi, har bulama ya yi murmushi.

Na fito. Duk abin da na shirya ya gudu. Na buɗe baki na ce, "Malam ya ce tsarin mulki..." Sai na ji shi ya fito a gajarce, irin na Kaka. Fili ya ɗauki dariya, yara da manya.

Dariyar ce ta cece ni. Raina ya ɓaci, tsoron ya tafi. Na riƙe ƙugu na ce, "Ku yi ku gama, ina jira."

Suka gama.

"Na san ja ake yi," na ce. "Amma kakata ta ce in ba zai tsare mutum ba, ba ta ga amfaninsa ba, ni ma haka. Kun fi mu yawa, kuna iya kayar da mu yau ko ba ku saurare ni ba. Amma ku saurara. An ce shanu su zagaya. Ta ina? Ta gonar wa?" Na fara nuna su ɗaya bayan ɗaya. "Ta waken babanki suka bi shekaranjiya. Kai kuma ta dawar babanka, har aka zagi juna. Burtali ba don mu kaɗai aka bar shi ba, don gonakinku aka bar shi. Sannan ramar nan da kuke taƙama da ita, wa ya yi mata taki? Duk filin makarantar nan yashi ne, me ya sa nan kaɗai ya yi baƙi? Kashin shanunmu ne, tun na kakannina."

Babu mai dariya yanzu. Wata yarinya 'yar aji uku ta ce, "To mu rasa lambu ke nan?"

Ban shirya wannan ba. Bakina ne ya riga ni. Na nuna wani fili a gabas da azuzuwa, fari fat, ko ciyawa ba ta son sa. Na ce a mayar da shingen can, shanun Kaka za su riƙa kwana a ciki duk ranin bana, kafin ruwa ya sauka zai yi baƙi kamar wancan.

Hedimasta ya ce, "Da izinin wa kike wannan alkawari?"

Na juya wajen mata. Kaka ta fara yunƙurin tashi. Hedimasta ya ɗan rusuna ya ce, "Inna, a yi haƙuri, yau bakin yara ne."

"Ai ban ce komai ba, mushe," in ji Kaka, tana komawa zaune. "Shanuna ne dai, kuma ban ce a'a ba."

Aka yi layi. Kowa ya karɓi ƙwallonsa ya shiga bayan zana shi kaɗai ya fito. 'Yan aji ɗaya sukan daɗe a ciki, wani har sai an leƙa an ce ya fito. Da nawa ya zo, na jefa a tulun igiya na yi bisimilla, na tsaya kaɗan ina kallon bakin tulun nan. Karatuna ne a ciki, kuma duk cikin yaran nan babu wanda ya sani.

Bulama aka roƙa ya juye tulunan a kan tabarma. Tsibi biyu, ido ba zai iya raba su ba. Hedimasta ya ce ba sai an yi lissafin da wani zai ce an cuce shi ba: a riƙa ɗaukar ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ana jefawa a kwano tare, har wani tsibin ya ƙare. Wani malami ya durƙusa yana yi, kowa ya miƙa wuya. Ni na kasa kallo, na sa ido a kan yatsun ƙafata, ina jin ƙarar kwano kawai. Can ƙarar ta tsaya. Na ɗago. Wajen rama babu komai sai yashi. Wajen igiya saura 'yan ƙwallaye, ba su cika tafin hannu ba.

'Yan bencinmu suka yi tsalle. Ni ban iya motsi ba. Daɗi na ji irin wanda ban taɓa ji ba, da wani alfahari da ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa shi. Yaran da suka yi makonni suna jan ciki a gabana, da yawansu sun shiga bayan zana inda babu mai ganinsu sun ba ni gaskiya.

Hedimasta ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya dubi lambun nan nasa. Da ya so, kalma ɗaya ta isa ya ce wasan yara ne, kuma babu mai ja da shi. Ya ce, "Majalisa ta yanke. A cire rama a raba, a ɗebe kuɓewa, yau shingen nan zai tashi."

Wanda ya fara ɗauko sanda mai baki biyu ya soka a ƙaya shi ne monita. Fuskarsa a murtuke. Na je kusa da shi ban san me zan ce ba.

"Kada ki ɗauka ke na zaɓa," in ji shi. "A tulun rama na jefa, gobe ma aka sake can zan jefa."

"To me ya kawo ka?"

"An kayar da mu ne. Matsa, ƙaya za ta soke ki."

Ana wannan aiki Kaka ta lallaɓa har gaban tebur, ta shimfiɗa jar fatarta kusa da rediyo. Ta ce wa hedimasta ta zo karɓar rabonta. Ya yi dariya ya nuna mata littafin. Ta ɗaga shi da hannu biyu ta ji nauyinsa, ta dubi 'yar fatarta.

"Wannan ai sai fatar sa," in ji ta.

"Kuma na aro ne, Inna, jibi zan mayar."

Ba ta damu ba. Ta sunkuya kan tabarma ta ɗauki ƙwallo ɗaya daga cikin waɗanda suka rage a wajen igiya. Ta ce wannan ya ishe ta, ta ga aikinsa da idonta. Da na waiwaya gindin aduwa, Baffa ba ya nan.

Washegari farar saniya ta bi burtalinta ta wuce, ko kallon makaranta ba ta yi ba. Faɗan gonaki ya mutu. Kaka ta ɗinke ƙwallon a fata ta rataya mini, Baffa ya gani ya ce wannan ba laya ba ce tunda babu aya a ciki, ta ce ita ma ba ta ce laya ba ce. Amma game da maganarsa ta cire ni daga makaranta bai ce komai ba. Aka yanke gero, aka cire wake, aka kai dawa rumbu, yana nan shiru. Na kasa tambaya. Na riga na faɗa, Baffa ba ya maimaita magana, kuma ban taɓa ganin ya janye ta ba.

Ranar tashi ta zo. Garke zai bi ta Gagarawa ya tsallaka layin dogo ya yi kudu. Da hantsi Inna tana ɗaura ƙore a kan takarkari, yayyena suna ware shanun Kaka daga cikin garke. Babu wanda ya ce mini zauna, don haka na ninke rigar makarantata na sa a ƙasan ƙunshina, na kawo shi na ajiye cikin kaya. Kaka tana zaune a ƙofar bukka, ta ƙi kallona.

Baffa ya zo yana duba ɗauri. Ya taɓa ƙunshin da sandarsa.

"Wannan na wa?"

"Nawa ne, Baffa."

"Ina za ki?"

Na dubi garken da ke shirin tashi.

"Kin tsaya a gaban bulama da gari duka kin yi alkawari da shanun mutane," in ji shi. "Wa zai riƙa kai su filin kullum yamma? Tsohuwar nan? Ko ni na yi alkawarin?" Ya sa bakin sanda ya turo ƙunshin gabana. "A gidan nan ba a faɗar magana a bar ta a ƙasa. Ɗauke kayanki."

Ya juya ya ci gaba da jan igiya. Na durƙusa ina kwance ƙunshin, hawaye yana zuba a kan rigar. Bai waiwayo ba, amma na ji ya ce wa takarkarin, ko ni, "An kaɗa ƙararrawa tun ɗazu."

Na zura rigar a kan zanina, duk ta yamutse, na bi burtali da gudu, ƙwallon aduwa yana dukan ƙirjina. Na makara, monita kuma ya sa ni sharar fili.